Wanda Ya Ajiye Aiki, Wa Ke Cigiyarsa?

Kakanninmu ba su san wata kalma wai ita ritaya ba, domin ba su da abin da za su kira da ita. Ba a taɓa aiko wa manomi da takarda an ce daga ranar kaza ga watan kaza shi da hauya sai kallo ba. In ƙarfinsa ya ragu, sai ya bar wa 'ya'yansa huɗa da noman fari, shi ya koma zaɓen iri, da tsaron tsuntsu, da tufkar igiya a gindin tsamiya. Maƙeri in hannunsa ya gaza ɗaukar masaba, ya kan zauna kusa da zugazugi yana duba wutar yara. Malamin allo kuwa ko ido ya tafi kunne yana nan, daga ƙarshen zaure zai ji ɓatan yaro ya gyara masa. Watau aikin ya kan sake kama, amma ba ya yanke wa mutum rana ɗaya kamar an sa almakashi.

Wannan yankewa ta rana ɗaya aikin albashi ne ya zo mana da ita, tun zamanin En'e har zuwa zamanin ƙananan hukumomi da aka kafa a 1976. Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa, to, ya tattara nasa ya nasa. Malaman makaranta su aka yi wa ƙari da dokar tarayya ta 2022, aka kai nasu 65 ko 40. Ba jikin mutum ke gaya masa lokaci ya yi ba, wani akawu ne da bai taɓa ganinsa ba ke buɗe fayil ya ƙidaya. Sai ka ga mutum da sauran ƙarfinsa, yana iya fita daga Jabo ya je gonarsa ya komo bai nemi ruwa ba, an karɓi makulli da hatimi daga hannunsa, an ce Allah ya huta gajiya. Mu da mu ke wannan rubutu muna cikin waɗanda aka yi wa wannan addu'a, saboda haka abin da za mu faɗa ba ji muka yi ba.

In an tambayi jama'a mene ne babbar wahalar ɗan fansho, kowa zai ce kuɗi. Ba mu musanta ba. Fansho ba ya kai albashi, farashin kaya kuwa ba ya jiran kowa, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar tsoffin takardunsa cikin leda ya tafi birni tantancewa, ya wuni a layi don ya tabbatar wa wani yaro cewa yana da rai, ya san ɗacin abin. Amma wannan magana ta wata rana ce. Akwai wani rashi da ba a rubuta shi a takardar sallama, shi mu ke so mu yi magana a kansa yau.

Ka ɗauki hedimasta. Shekara da shekaru ƙararrawa ke tashinsa, ita ke zaunar da shi. Kafin ya isa ofis an share, yara sun yi layi, malamai sun zo gaisuwa, ga uban yaro yana jira a bakin ƙofa da ƙorafinsa, ga masinja da takarda daga sama. In ya makara rabin sa'a, sai an aiko gida a ji ko lafiya. To, ran da ya ajiye aiki, watan farko zaurensa ya kan cika da masu barka da arziki. Wata na biyu su ragu. Kafin wata na huɗu, sai ya wayi gari ya yi wanka ya sa riga da hula kamar yadda ya saba, ya fito ƙofar gida ya tsaya, ya rasa gabas zai yi ko yamma. Ya koma ya kunna rediyo. Daga nan sai ka fara jinsa yana cewa mutanen yanzu butulai ne. Mu kuwa ba mu ga butulci a nan ba. Waɗanda su ke zuwa dā bukatarsu ce ke kawo su, bukatar kuwa tana tare da kujera, kuma kujerar tana nan da wani a kanta.

Wanda abin ya fi yi wa nauyi shi ne wanda ya yi aikinsa a nesa, a Sakkwato ko Kaduna ko Ikko, sa'an nan ya komo gida da furfura. Yaran unguwa ba su san shi ba, sai an ce musu ai ƙanen wane ne. Tsararrakinsa da suka zauna a gari hirarsu ta tsadar taki ce, da yadda ruwa ya ci fadama bara, da wanda ya aurar da wa, shi kuwa bakinsa cike da labarin ofis wanda ba mai bukatarsa. Kuma abin takaici, da yawa daga cikinmu da hannunmu mu ke ƙara wa kanmu nisa. Mutum ya karɓi giratuti ya gina gida a bayan gari, ya ja katanga doguwa, ya sa ƙyauren ƙarfe, ya manta da zaure ɗungum. Ina baƙo zai zauna? Mai wucewa da zai leƙo ya ce salamu alaikum, a ce masa bismilla ga tabarma, yanzu sai ya buga ƙarfe ya jira, kamar mai neman bashi. Sau ɗaya zai yi, ba zai ƙara ba.

Mun daɗe muna duba 'yan'uwanmu da suka ajiye aiki, waɗanda suka yi ƙarko da waɗanda suka zube cikin shekara biyu, muna neman abin da ya raba su. Ba yawan fansho ba ne, don mun ga mai babban fansho ya lalace a kan kujera, mun ga mai ƙarami yana ta harkarsa. Abin da muka gani shi ne wannan: wanda ya yi ƙarko, akwai wani wuri da in bai je ba yau za a yi cigiyarsa. Akwai wani aiki da zai tsaya, ko wani mutum da zai zauna yana duban hanya. Ɗayan kuwa zai iya kwana uku a ɗaki, in ban da iyalinsa ba wanda zai ce ina wane. Ya kai mai karatu, in kana gab da miƙa makulli, kafin ka lissafa kuɗin da za a ba ka, lissafa wuraren da za a yi cigiyarka in kujerar nan ta fita hannunka.

Kada a ce sai mun je ƙasar Turawa za mu koyi yadda babban mutum ke ajiye mulki ya kama wani abu. A nan kusa da mu aka yi shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, an haife shi a 1754, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka ci Alƙalawa a 1808. Da al'amari ya daidaita, sai ya zauna a Sifawa, nan wajen Bodinga, kuma a 1812 ya raba sha'anin mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi, wanda ya riƙe yamma, da ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya riƙe gabas. A lokacin shekarunsa ba su kai 60 ba, watau dai tsaran waɗanda a ke sallama yanzu. Me ya koma yi? Karantarwa da wallafa. Ɗalibai suka yi ta zuwa Sifawa daga ko'ina, a can ya rubuta littattafai irin su Najmul Ikhwani, bai bar wannan hali ba har ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Ba wanda ya karɓe masa mulki, shi ya miƙa, domin yana da abin da ya fi so ya koma wa, kuma abin nan yana da masu jiransa kowace safiya.

Malam Abdullahi shi ma haka. A ƙarshen zamaninsa a Gwandu ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin hidimar ƙasa, ya duƙufa ga ilmi har ya rasu a 1829. Buharin nan shi ne wanda ya zauna a Tambuwal, saboda haka wannan labarin gidanmu ne. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima kuwa, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Bello a 1837, ya zauna ya rubuta labarin rayuwar Bello kamar yadda ya gan ta da idonsa, daga baya wazirci ya koma hannun ɗansa Abdulƙadir. Ba don ya yi wannan zama ba, da abubuwa da yawa na wancan zamani sun bi shi kabari.

Amma wadda dabararta ta fi ba mu mamaki ita ce matar Giɗaɗo, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta duba ta ga matan ƙauyuka suna bukatar karatu, ga shi matan aure masu ƙananan yara ba su iya barin gida su yi tafiya. Su wa ke da sarari? Tsofaffi, waɗanda suka gama haihuwa da reno, waɗanda a wani wuri da sai a ce su koma ƙuryar ɗaki su jira sa'i. Su ta zaɓa. Kowace ƙungiya ta naɗa mata shugaba, a na ce da ita jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar muƙami. Jaji ta kan tattaro tsofaffi 'yan'uwanta da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, su kama hanya da ƙafa har wurin Nana, ɗauke da ɗan abin da matan gari suka ba da na sadaka, hatsi ko man shanu ko zuma. Su koyi abin da za su koya cikin waƙoƙi masu sauƙin hardacewa, su komo su bi gida gida suna koya wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Su a ke kira 'Yan Taru.

Ku duba abin da tsohuwar nan ta samu. Ta sami tafiya, wadda ke riƙe ƙafa. Ta sami sabon karatu bayan ta yi jikoki. Kuma in ta daɗe ba ta komo ba, gari guda na mata yana duban hanya. Ba a ba ta wannan aiki don a rarrashe ta ba, an ba ta ne don ita kaɗai ke iya yinsa, kuma a ganinmu asirin ke nan. Tsoho ya kan gane aikin da aka ƙirƙira don a ɗauke masa kewa, kamar yadda yaro ke gane maganin da aka ɓoye cikin fura.

A zamaninmu ma ga maƙwabcinmu, Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda ya fara da malantar makaranta ya kai ga shugabancin Nijeriya a 1979. Shi ba takardar akawu ce ta sallame shi ba, soja ne suka hamɓarar da gwamnatinsa ranar ƙarshe ta 1983, aka tsare shi har 1986, sa'an nan aka mai da shi garinsu Shagari. In da akwai wanda ya cancanci ya rufe ƙofa ya yi fushi da duniya, ai shi ne. Amma ya koma cikin mutanensa, ya komo ga alƙalamin da ya rubuta Waƙar Nijeriya da shi tun yana saurayi, ya rubuta tarihin rayuwarsa aka buga a 2001. Ya ƙara shekara 35 a duniya bayan faɗuwar mulkinsa, ya rasu a 2018 yana da shekara 93.

To, mu ƙananan mutane da ba mu da ɗaliban Sifawa, ina za mu nemi masu cigiyarmu? Yawancinmu a nan ƙasar Tambuwal da Kebbe fadama mu ke fara nufa, kuma daidai ne. Sai dai akwai sharaɗi. Ɗan boko da ya shekara talatin yana ba da umurni, in ya shiga fadama da wannan hali, zai yi hasarar kuɗinsa ya kuma zama abin dariya. Wani abokinmu, tsohon babban akawu, da ya so noman albasa, bai tsaya karanta takarda ba, sai ya tafi wurin wani dattijo da bai taɓa shiga aji ba, wanda dā in ya zo ofis a tsaye ya ke magana. Ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa ya ce, "Baba, karatu na zo ɗauka." Dattijo ya ce, "Haba, ranka ya daɗe, wane ni?" Ya ce, "Ranka ya daɗe ya ƙare tun watan jiya, yanzu almajirinka ne."

Daga wurinsa ya koyi abin da ba ya cikin fayil. Yadda a ke yafa iri a reno shi da wuri tun damina na ƙarewa, don a yi dashe da shigowar sanyi. Yadda a ke gyara fangali ya kwanta daidai, kada ruwa ya taru gefe guda. Ya koyi cewa albasar da aka cika wa takin zamani ta kan yi girma ta ba da sha'awa, amma ba ta jimirin ajiya, kuma in ganye ya fara kwanciya sai a ɗauke mata ruwa, a bar wuyanta ya bushe kafin a cire, in ba haka ba ta ruɓe a rudu. Ya koyi kuma cewa riba ba a ranar cira ta ke ba, lokacin da kowa ya kai tasa kasuwa ta yi arha, tana wurin wanda ya iya ajiya har damina ta yi nisa. Har Aliero ya tafi, inda albasa ta yi suna, don ya ga yadda su ke ajiyarsu. Ribar da ya samu shekarar farko ba ta taka kara ta karya ba. Amma yanzu in rana ta ɗaga bai iso fadama ba, maƙwabcinsa na fangali zai aiko yaro, don tare su ke haɗa kuɗin man injin ban-ruwa, kuma albasa ba ta san ranar hutu ba. Wanda ƙafarsa ba ta kai fadama, turke biyu na tumaki a bayan ɗaki sun isa su tashe shi da asuba, su aike shi neman harawa da dusa, su kai shi kasuwar Tambuwal cikin mutane in Layya ta ƙarato.

Bayan fadama sai zauren malam. Da yawa daga cikinmu an ɗauke mu makarantar boko muna tsakiyar Ahalari ko Ishmawi, muka ce za mu komo, aiki ya ci shekarun. Ga lokacin ya samu, amma kunya ta hana. Mutum ya ga yaya zai zauna da furfurarsa kusa da sa'an ɗansa, ya karanta, ya yi tuntuɓe, a gyara masa? Hausawa sun riga sun ba da amsa, sun ce gemu ba ya hana ilmi. Abin da muka gani shi ne kunyar ta mako guda ce. Bayan nan sai ka tarar kana kwana da wata mas'ala ta Risala a ranka, kana ɗokin gari ya waye ka je ka tambaya, kuma mutumin da ke ɗokin wayewar gari bai tsufa ba tukuna. Cif Olusegun Obasanjo bayan ya sauka daga mulki a 2007 ya shiga jami'ar karatu daga gida ta Nijeriya, ya bi har aka ba shi digirin dakta a 2018, yana da shekara 80. In tsohon shugaban ƙasa ya zauna an duba masa takarda da jan biro, wane ne tsohon sufeto da zai ce ya fi ƙarfin allo?

Akwai kuma wani malami da kowa ke da shi a gida bai sani ba, shi ne jika. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, duniya ta sake hanyar aike. Tsohon da ya ce shi ba ruwansa da wannan abin yara, shi ke zama bai ji muryar 'yarsa da ke aure a Yawuri ba sai Salla. Wanda ya kira jikansa ya ce, "Zo nan, abokina, nuna mini inda a ke dannawa," ya sami abu biyu, ya iya aika murya ta WhatsApp, ya kuma sami yaron da ke zuwa wurinsa kullum yana jin shi ma malami ne. Amma fa a yi hattara. Wayar nan ta kan kawo na nesa kusa, ta kai na kusa nesa. Mun ga majalisa ta dattawa biyar, kowa ya sunkuya kan tafin hannunsa, ba mai ce da wani ƙala. Kuma ta cika ƙarya. Mu da muka tashi da sauraron sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe tun 1957, da Rediyon Kaduna, mun saba in an faɗi labari akwai wanda za a kama in ƙarya ce. Labarin waya kuwa ba shi da uba. Ga wani aiki nan na tsohon malami: ya zama shi a ke kawo wa labari a majalisa a ce, Malam, duba mana wannan, gaskiya ne?

Turawa sun riga mu faɗawa wannan rami, don sun riga mu yawan 'yan fansho da gidaje masu ƙyauren ƙarfe. A Faransa, a birnin Tulus, aka buɗe wata makaranta a 1973 musamman don waɗanda suka ajiye aiki, ba jarrabawa ba neman muƙami, sai son sani kawai, abin ya bazu ƙasashe da yawa. A Amurka masanan jami'ar Harbad sun fara bin rayuwar waɗansu samari tun 1938, suka bi su har tsufa, abin da suka fi ganowa shi ne waɗanda ke da kyakkyawar hulɗa da mutane sun fi lafiya da tsawon rai. A Ingila kuwa har minista aka naɗa a 2018 don sha'anin kaɗaici. Kai, jama'a, ministan kaɗaici! Da muka ji sai da muka yi dariya, muka ce ai wannan aikin zaure ne da suna da jana'iza. Sai dai dariyar ba ta yi tsawo ba, da muka tuna irin gidajen da mu ke ginawa yanzu.

Wani zai ce, duk wannan kai da kawowa na mene ne? Wanda ya kai shekara 60 ai sai ya kama carbi ya fuskanci lahira. Ba mu ƙi ba, kuma wa ya isa ya ƙi? Amma waɗanda muka ambata a Sifawa da Gwandu sun fi mu sanin lahira, ba su kuwa rufe ƙofa ba. Kuma shi kansa masallacin unguwa, in ka lizimci sahu sau biyar a yini, shi ne wuri na farko da za a ce yau ba mu ga wane a Asuba ba, a je a dubo. Gaida mara lafiya, da rakiyar gawa, da sulhunta ma'aurata, da raka maraya neman gurbin makaranta wurin da a ke jin kunyar furfurarka, duk ba su raba mutum da carbinsa.

Abin da ba mu so shi ne motsi marar kan gado, don shi ma akwai shi. Akwai tsohon hedimasta da kullum ya ke leƙa makarantar da ya bari yana gyara wa magajinsa zama, har a fara ɓuya in an hango shi. Wannan ba cigiyarsa a ke yi ba, addu'a a ke yi kada ya zo. Akwai wanda ke kwashe giratutinsa duka ya sayi motar haya, sana'ar da bai san kanta ba, ya miƙa wa direba, kafin shekara ta zagayo mota na kan duwatsu a gareji. Akwai mai bin ƙofofin 'yan siyasa da babbar riga, yana jiran a tuna da shi. A nan mata sun fi mu dabara, gaskiya ce ko da ɗaci. Malamar asibiti in ta ajiye aiki, kafin wata ya ƙare matan unguwa sun gane ƙofarta, wannan ta kawo jariri a duba cibiya, waccan ta zo a karanta mata takardar magani. Malamar makaranta ta tara yara a tsakar gida da yamma, ko ta riƙe adashin unguwa don an yarda da lissafinta. Su ba su taɓa jingina zumuncinsu ga kujera ba, saboda haka da aka ɗauke kujera ba abin da ya faɗi.

Mu kuwa, mu 'yan kaɗan da mu ke haɗuwa bayan La'asar, aikin da muka ɗora wa kanmu shi ne rubuta abin da tsofaffin garin nan suka sani tun ba su tafi da shi ba. Abin da ya zaburar da mu ƙarami ne. Mun ji wani saurayi mai digiri yana haɗa Buhari biyu ya mai da su ɗaya, watau Buhari ɗan Shehu na Tambuwal, da Buhari ɗan Abdussalami wanda ya kafa Jega. Muka ce in manya irin waɗannan sun fara rikicewa, ina labarin wanda ya haƙa tsohuwar rijiyar unguwa? Muka tuna da Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, ya rubuta Tarihin Fulani, ya kuma adana rubuce-rubucen kakanninsa a gidansa, har daga cikinsu aka tattara waƙoƙin Nana Asma'u aka buga a 1997. Mu ba mu kai ƙurar takalminsa ba, amma littafin rubutu da biro ba su fi ƙarfinmu ba.

Mu kan je wurin tsoho mu biyu, da goro, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu. Mu tambayi sunayen unguwanni da dalilinsu, da gidajen da suka riƙe limanci da ƙira da jima, da shekarun yunwa da na fara da yadda aka ci su, da hanyar da fatake ke bi zuwa Jega su wuce Gwanja sayen goro. In biyu sun saɓa, mu rubuta duka biyun da sunan mai faɗa, ba mu yanke hukunci. Wata tsohuwa da muka je wurinta sau ɗaya, muka yi mako biyu ba mu koma ba, sai ga jikanta da saƙo, wai a gaya wa malaman nan masu littafi ta tuno sauran sunayen, in suna so su zo da wuri don ita ba ta da alkawari da gobe.

Littafi na uku mu ke ciki yanzu. Abin da ke ba mu wahala shi ne ƙauyukan da ke kudu wajen Kebbe, domin rashin tsaro na 'yan shekarun nan ya sa ba kowace hanya tsoho zai bi da yamma ba, ga shi kuwa a can aka ce akwai waɗanda suka san zangon fatake ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu da suka ajiye aiki a Kebbe da Kuci da Dogon Daji, kowa ya sami littafi ya zauna da tsofaffin garinsu, da boko ko da ajami, duk wanda hannunsa ya fi sabawa da shi. In Allah ya kai mu bayan girbi, sai mu haɗu a Tambuwal ranar kasuwa mu gwada abin da kowa ya samo.